Komawa bakin aiki a lokacin korona alhali akwai yaro mai rauni a gida: tambayoyi da amsoshi

Gwamnatin tarayya ta umurci ma'aikatanta 'yan matakin albashi na 12 zuwa ƙasa su koma ofis daga 1 ga Disamba 2021, kowa da katin rigakafinsa na korona ko sakamakon gwaji. 'Yan kasuwa, direbobi, teloli da masu aikin ƙarfi kuwa tuni suka koma, da yawansu ma ba su taɓa samun halin zama ba. A lokacin kuma hunturu ya kawo jiki. A gidajen Gusau, Kaura Namoda, Talata Mafara da sauran garuruwanmu na Zamfara da ke da yaro mai sikila ko asma, hankalin iyaye ba a kwance yake ba. Waɗannan amsoshi domin su ne, kuma ba su maye gurbin likitan da ya san yaron ba.

An ce korona ba ta kama yara. To wane yaro ne abin damuwa?

Tana kama su. Abin da yake gaskiya shi ne yawancin yara suna yin ta sama-sama, wasu ma ba a gane sun yi. Amma akwai waɗanda jikinsu ba shi da rarar ƙarfin da zai ɗauki wani sabon ciwo: mai amosanin jini, wato sikila, mai asma mai tsanani, mai ciwon zuciya ko ƙoda ko suga, mai tamowa, mai ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki, mai shan maganin daji, da jaririn da aka haifa bakwaini.

A wurinmu sikila ce kan gaba, domin babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu ita a duniya. Saifar mai sikila takan daina aiki tun yana ƙarami, ita ce kuwa ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini. Sannan duk ciwon da ya taɓa huhu yana rage iskar da ke shiga jini, ƙarancin iskar kuma shi ke sa ƙwayoyin jininsa su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi. Shi ya sa murar da yayansa zai yi ya warke yana wasan ƙwallo, shi tana iya kai shi gadon asibiti da ciwon ƙirji.

Ni ma'aikaciya ce, ɗana yana da sikila. In ajiye aikin ne kawai in zauna da shi?

Malama, ra'ayina shi ne kada ki ajiye, sai fa idan likitansa ne ya ce a yi hakan na ɗan lokaci. Albashin nan shi ke sayen folik asid ɗinsa da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro, shi ke biyan kuɗin gwaji, shi ke kawo ƙwai da kifi da wake cikin tukunya, kuma shi za a nema ranar da aka ce ana bukatar ƙarin jini cikin dare. Yaron da maganinsa ya yanke ko abincinsa ya ragu yana cikin haɗarin da ya tabbata, na korona kuwa haɗari ne da ake iya rage shi sosai.

Kuma zamanki a gida ba ya rufe ƙofar. Maigida zai fita, yayyensa za su je Islamiyya, maƙwabta za su shigo ɗibar wuta ko gaisuwa. Cutar da aka fara tabbatarwa a Legas a ranar 27 ga Fabrairu 2020 ta kusa shekara biyu tare da mu zuwa ƙarshen 2021, ba wanda zai iya kulle gidansa har tsawon haka. Abin da ya fi amfani shi ne a san ainihin wuraren da ake ɗaukar ta, a tsananta a can, a sassauta wa kai a sauran.

A ina ne aka fi ɗaukar ta a wurin aiki?

A cikin iskar ɗakin da ke rufe. Mai ɗauke da ita yana fitar da ita cikin numfashi, magana, tari da atishawa, kuma yakan fara yaɗawa kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji alamar komai. Don haka kallon fuskar abokin aiki ba ya gaya maka ko lafiyarsa lau. A farkon annobar an fi ba da ƙarfi ga goge tebur da hannun ƙofa. Wanke hannu yana nan da muhimmancinsa, amma yanzu an tabbatar cewa iska ce babbar hanya.

Ofishin da aka rufe tagoginsa aka kunna na'urar sanyaya ɗaki, mutum takwas a ciki tun safe har azahar, ya fi rumfar kasuwa haɗari nesa ba kusa ba. Haka motar haya daga Gusau zuwa Funtuwa ko Sakkwato, an cusa mutum huɗu a baya an ɗaga gilasai saboda ƙura. Keke Napep da kabu-kabu sun fi ta sauƙi domin iska na kaɗawa. Akwai kuma lokacin da kowa ke sakin jiki: cin abincin rana. Mutum zai yini da takunkumi, sai a kawo kwanon shinkafa da wake a ɗan ƙaramin ɗaki, kowa ya cire nasa, a haɗa kai ana ci ana hira rabin awa. Ɗauki naka ka fita gindin bishiya ko baranda.

Takunkumi ya rufe hanci da baki duka, ba a haɓa ba. Na asibiti ya fi na yadi. Idan na yadi ne, ya zama mai ninki uku, a riƙa wanke shi kullum da sabulu, a kuma ajiye na canji domin wanda ya jiƙe da gumi ya rage amfani. A masallacin wurin aiki, zaɓi sahun da ke waje ko kusa da ƙofa, ka je da dardumarka.

Da na dawo yake rugowa ya rungume ni. Yaya zan yi ban karya masa zuciya ba?

Ajiye buta da sabulu a zaure ko bakin ƙofa, wurin da ba za ka iya wucewa ba ka gan su ba. Kana yin sallama ka tsuguna ka wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 aƙalla, har tsakanin yatsu da bayan hannu, ka wanke fuska, ka cire takunkumin ta igiyarsa ka jefa a bokitin wanki. Ka rataye rigar sama a ƙusar da ke zauren, ka goge wayarka. Duka bai kai minti biyar ba. Ma'aikacin asibiti shi ne zai ƙara da wanka da canza kaya gaba ɗaya kafin ya shiga ɗaki.

Yaron kuma a ba shi aiki a ciki. Shi ne mai riƙe sabulu, ko mai zuba wa Baba ruwa, ko mai ƙirga ɗaya zuwa ashirin da ƙarfi. Idan an gama sai a ɗauke shi. Yaro mai ciwo ya riga ya saba jin "kar ka yi gudu", "kar ka shiga ruwa", "kar ka fita". Kada a ƙara masa da jin cewa iyayensa ma gudunsa suke yi. Muddin lafiyarka lau, ka rungumi ɗanka.

Sai dai a fahimci iyakar wannan tsari. Wanke hannu yana cire abin da ke kan fata, ba ya cire wanda ka riga ka shaƙa a ofis. Kariyar yaron ta gaskiya tana can inda ka yini.

Ana cewa a buɗe tagogi, ga sanyi na tayar masa da ciwo. Wanne za mu bi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya a ƙasarmu, domin shawarwarin biyu duk gaskiya ne. Sanyin Disamba da Janairu yana matse jijiyoyin mai sikila, busasshiyar iska tana ƙarar da ruwan jikinsa, ƙurar hunturu kuma ita ce babbar abokiyar gabar mai asma. A ɗaya gefen, ɗakin da aka toshe ko'ina shi ne inda numfashin kowa ke taruwa.

Mafita ita ce a raba lokaci. Da hantsi zuwa la'asar, lokacin da rana ta yi ɗumi, a buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa ɗakin, a shanya bargo. Hira da cin abinci a yi su a tsakar gida ko rumfa. Da dare a bar 'yar kafa a sama, a ɗumama jikin yaron maimakon a toshe ɗakin: rigar sanyi, hula, safa, bargo, shimfiɗarsa nesa da taga kuma ba a kan siminti tsirara ba. Wanka da ruwan ɗumi, da rana, a tsane shi nan take. Ruwan sha kuwa a riƙa bin sa da shi, domin a hunturu yara ba sa jin ƙishirwa. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ƙarshen layi, mai asma ya zauna ciki, a rataya jiƙaƙƙen zane a tagar.

Abu guda da nake roƙo da babbar murya: kada a kwana da kaskon garwashi a ɗakin da ke rufe. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe masu barci, kuma mai ƙarancin jini ne za ta fara kayarwa. Haka janareta a kusa da taga. Turaren wuta, hayaƙin tazargade da maganin sauro na kunnawa ba sa kashe korona, tari kawai suke tayar wa mai asma. Gidan sauro ya wadatar.

Allurar rigakafin fa? Gaskiya ina jin tsoronta.

Tsoron yana da tushe, ba kuma za a raina shi ba. Arewa ba ta manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Amma wannan allurar ba a kanmu aka fara ta ba. Kafin kashin farko na AstraZeneca ya sauka Abuja a ranar 2 ga Maris 2021, an riga an yi wa miliyoyin mutane ita a Ingila. Saudiyya ma ta sa rigakafin cikin sharuɗɗan aikin Hajjin 2021. Daga baya Moderna, Johnson & Johnson da Pfizer sun iso. A 2021 kyauta ake yi a cibiyoyin lafiya, ga 'yan shekara 18 zuwa sama.

Tun da ƙaramin yaro ba ya cikin waɗanda ake yi wa, manyan da ke kewaye da shi su ne katangarsa: uwa, uba, kaka, abokiyar zama, mai raino. Allurar ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, amma tana rage yiwuwar hakan, tana kuma rage tsananin ciwon ƙwarai. Ka tuna cewa idan ciwo ya kwantar da kai mako uku, babu mai kai shi asibiti. Ciwon hannu, kasala ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya zuwa biyu bayan allurar abu ne da aka sani. Mai shayarwa ma tana iya yi. Wanda allurarsa mai zagaye biyu ce ya koma ya cika.

Shi ma yaron in sa masa takunkumi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a tilasta wa ɗan shekara 5 zuwa ƙasa. Jariri kam sam, yana iya toshe masa numfashi. Daga 6 zuwa 11 ana sa masa a wurin cunkoso idan akwai babba mai lura, daga 12 kuma kamar babba yake. A cikin gida ba ya bukata, kuma ba a barci da shi.

Gidanmu gidan yawa ne. Wa zan bar wa shi idan na fita, kuma yaya zan yi da baƙi?

Mutum ɗaya tsayayye ya fi a yi ta yawo da yaro, yau wurin kaka, gobe wurin gwaggo, jibi maƙwabta. Wadda aka bar wa shi ta san lokutan maganinsa, ta iya duba zafin jiki, ta kuma san cewa ranar da take mura gara ta faɗa da ta ɓoye don kunya. Idan mai raino ce ake biya, kada a yanke mata kuɗin ranar da ta zauna gida saboda tari. Wadda aka taɓa yanke wa, gobe da tarin za ta zo.

Maganar manya kuwa sai da dabara. Ba a ce wa suruka ta wanke hannu kamar ana ba ta umurni. Maigida ne ya kamata ya yi wa mahaifiyarsa bayani, ya ce: "Inna, likita ne ya ce duk mai ɗaukar yaron nan sai ya wanke hannu, har ni." Idan aka ga uban da kansa yana tsugunawa gaban buta, ba wanda zai ɗauka da shi ake. Suna, biki da zaman makoki, babba ya je ya sauke hakkin zumunci da takunkuminsa, ya tsaya a waje, a bar yaron a gida. 'Yan dubiya idan yana jinya a tare su a tsakar gida, a karɓi addu'arsu, kada ɗaki ya cika.

Me zan iya nema a wurin shugabana a ofis?

Je da takardar likita mai bayyana ciwon yaron, ka rubuta bukatarka a takarda, ka ajiye kwafi. Nemi abin da za a iya ba ka: a matsar da teburinka kusa da taga, a ɗauke ka daga kantar da jama'a ke cincirindo, a ba ka izinin ranar asibitin yaron tun kafin ta zo, ko ku yi karɓa-karɓa da abokin aiki. Wanda ya shiga da "ranka ya daɗe, ga yadda aikin zai tafi ba tare da ya tsaya ba" ya fi samun biyan bukata a kan wanda ya shiga da koke kawai. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa idan shi ne ba shi da lafiya kuma likita ya tabbatar, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Jinyar yaro kuwa yawanci daga hutun shekara ko izinin uzuri ake cire ta, don haka kada a cinye hutun tun farkon shekara.

Mai shago ko tela shi ne ogan kansa: ya fito da benci waje, ya bar ƙofa a buɗe, ya sa tebur tsakaninsa da mai saye.

Ina tsoron kai shi asibiti kada ya ɗauko cutar a can. In saya masa magani a kemis?

A'a. Wannan tsoron ya cutar da yara da yawa a lokacin kulle. Ranar ganin likitansa, ko a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ne, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko babban asibitin ƙaramar hukumarku, kada a tsallake ta. A je da wuri, babba ɗaya kawai ya raka shi, a jira a baranda. A roƙi likita ya rubuta maganin da zai kai wata biyu ko uku idan ya ga ya dace. Mai asma ya ci gaba da abin shaƙarsa na kullum yadda aka tsara, kada a dakatar don jin cewa yana rage garkuwa. Mai tamowa ya ci gaba da karɓar abincin nan na gyaɗa da ake bayarwa a asibiti, kuma nasa ne shi kaɗai. Rigakafin yara na yau da kullum, na ƙyanda da sauransu, a cika shi, domin ƙyanda ta fi korona kisan yara ƙanana.

Idan ya yi zazzaɓi ina wurin aiki fa?

Ga mai sikila, zafin jiki da ya kai 38 a ma'auni maganar asibiti ce a ranar, ko da tsakar dare ne. Ba a jira a ga ko zai sauka, ba a kuma tsaya tantance ko korona ce ko cizon sauro ko wata ƙwayar cuta a jini, gwaji ne zai raba. A sayi ma'aunin zafi a ajiye, a auna kafin a ba shi farasitamol, a faɗa wa likita abin da aka gani. Sauran alamun da ba a jira da su: numfashi da sauri ko haƙarƙari na shiga ciki, ciwon ƙirji, tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, cikinsa ya kumbura ta hagu, hannu ko ƙafa ta saki, baki ya karkace, suma, ko ya ƙi shan komai. Mai asma da ya kasa gama jimla saboda haki, ko abin shaƙa ya ƙi yi masa aiki, shi ma a tafi.

Kada tsarin ya dogara da waya kaɗai. Mun ga yadda aka katse layukan sadarwa a jihar nan a watan Satumba 2021, kuma kowa ya san hanyoyin da ba a bi da dare. Tun yanzu maigida ya ba da izini a fili cewa duk ranar da aka ga waɗannan alamu a wuce asibiti ba sai an jira shi ba. A ajiye jaka guda da katin asibiti, magungunansa, bargo da kuɗin mota, a san maƙwabcin da zai kai su, a san rukunin jinin yaron da 'yan uwa biyu da za su iya ba shi. Wanda ke ƙauye mai nisa, idan ya ga jikin yaron ya fara canzawa da rana, ya kama hanya tun da sauran haske.

Ni ce na fara tari da zazzaɓi, kuma ɗakinmu ɗaya. Ina kuma shayar da ƙanwarsa.

Ki ɗauka korona ce har sai gwaji ya nuna akasin haka. Kada ki je aiki. Ki kira 6232, lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa (NCDC), ko ki tuntuɓi asibiti mafi kusa don gwaji. Mai raunin ya koma kwana wani ɗaki tare da wanda aka riga aka zaɓa, cikin gidan dai, domin wataƙila ya riga ya ɗauka, aika shi wani gida yaɗawa ne. Idan babu wani ɗaki, ki sa takunkumi, a raba shimfiɗa iya nisan da ɗakin ya bari, kai da kai su yi nesa, ki yini a waje, ki ware kofinki da cokalinki. A sanar da likitansa, a riƙa auna zafin jikinsa safe da yamma har kwana 14. Ke kuma ƙa'idar keɓe kai a 2021 ita ce aƙalla kwana 10 daga fara ciwon, da ƙarin kwana 3 babu zazzaɓi babu tari.

Nono kuwa kada ki yanke. Ki wanke hannu, ki sa takunkumi, ki ba ta. Amfaninsa ga jaririya ya rinjayi haɗarin.

Wasu na cewa duk wannan rashin tawakkali ne.

Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana na ciki fita. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Yaro amana ne, riƙo da sababi kuma cikin addini yake. Idan kuma an yi iya yi amma ya kamu, kada uwa ta ɗora wa kanta laifi, kada kuma a ɗora mata don ta fita neman halal.

Makaranta fa, boko ko Islamiyya? Ya je ko ya zauna?

Idan makarantarsa a buɗe take kuma jikinsa da ƙarfi, yawanci zuwan ya fi, sai dai likitansa ne mai magana ta ƙarshe. Mai sikila ya riga ya saba rasa darasi saboda jinya, ƙara masa wata da watanni a gida yana iya raba shi da karatun gaba ɗaya. Uba ya je da kansa ya ga malamin ajin: a zaunar da yaron inda iska ke shiga amma ba ta bugunsa kai tsaye, a bar shi ya sha ruwa ya kuma fita fitsari duk lokacin da ya nema, a ɗauke masa taron safe a cikin sanyi, kada a haɗa shi shan ruwa a moɗa ɗaya da sauran yara. A ba shi gorarsa daga gida. Makon da aka ji tari ya yi yawa a ajin, ya zauna kwana kaɗan, wani ɗan ajinsu ya riƙa kawo masa abin da aka rubuta.